Kyamarar da Ba Ta Sallama

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya halicci haske tun kafin wani ɗan Adam ya yi tunanin kama shi a cikin akwati.

Ku samarin da kuke cika mini shago a unguwar Titirou, nan Parakou, kowa da waya a hannu yana tura mini ita a hanci yana cewa, "Malam, wacce kyamara marar madubi zan saya?", ga amsarku na zauna na rubuta, tunda in na fara da baki ba ku bari in kai ƙarshe. A ganinku sana'ar nan latsa maɓalli ce, in an sami na'ura mai tsada an gama. To, sunan kyamara ba za ku ji daga gare ni ba. Zan dai ba ku labarin yadda na zaɓi tawa, da aikin da ya sa na zaɓe ta.

Wata safiya Hajiya Maimuna, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, ta sauka daga bayan zem, wato babur ɗin haya, a ƙofar shagona. Mahaifinta Alhaji Sanda na Djougou jikan fataken goro ne, kuma aminin marigayi mahaifina, Malam Idi, shi ya sa take ce mini Yaya. Alhaji ya tsufa ƙwarai, idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya, ƙafa ma ta fara ƙin ɗaukarsa. Ban da ɗan hoton fasfo da ya je Makka da shi, ba shi da hoto a duniya. Hajiya ta yi shekaru tana roƙonsa, sai yanzu ya yarda, shi ma da sharaɗi: zama ɗaya, a zaurensa, bayan sallar Juma'a, ba a haska masa walƙiya a fuska, kuma ɗan Idi ne kaɗai zai ɗauka.

Ta ce, "Yaya, ina son muryarsa yana ba da labarin hanyar goro, don jikokinsa na Cotonou su ji. Kuma ba hoton fasfo nake so ba. Babana nake so yadda na san shi, yana dariya. Zama ɗaya ya ba ni. Ka san shi, in ya tashi ya tashi ke nan."

Na ce, "In bai yi dariyar ba fa?"

Ta ce, "Sai ka nemi wani garin ka koma, don Parakou ba za ta ɗauke mu mu biyu ba."

Kyamarar da nake da ita a lokacin mai madubi ce, tsohuwa, nauyinta kamar dutsen guga. Ba ta ɗaukar murya, kuma a wuri mai duhu sai an taimake ta da walƙiya. Irinta na saba da ita tun ina ɗan koyo wurin maigidana Malam Garba, da ke da rumfa kusa da Gare, tashar jirgin ƙasa. Daga makarantar allo aka kai ni wurinsa, hannuna ya iya alƙalami da tawada, bai san komai ba bayan su. Na daɗe ina wanke hotuna a kwano ina shanya su a igiya, ina riƙe farin zane a bayan direbobin manyan motoci da suka zo hoton lasisi, kafin ya bar ni in leƙa ta ramin kyamara. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Ka gama kallon direban? Wane kuncinsa ne ya fi kumburi?" In ban sani ba, sai in koma riƙon zane. Ku kuwa ranar da kuka saya ranar kuke buga kati da sunanku a kai.

Abin da ya hana ni sauya ta tuntuni shi ne shekarar nan da wayoyi suka cinye mana kasuwa. Wurin wankin fim ya rufe, masu suna da masu biki suka ce ƙanin amarya zai ɗauka da wayarsa. Abokan sana'ata wasu suka koma tuƙa zem, wani ya koma gona. Ni na wuni ina manna wa katin mutane roba don kada ya jiƙe. Dillalan shanu ne suka fitar da ni, da suka fara neman hoton bijimai don su aika wa masu saye a kudu. Tun daga nan nake tafiyar da abin hannuna a hankali. Amma aikin Alhaji Sanda ba na tsohuwar kyamara ba ne, dole na nufi shagon Abdu Karimu, a bayan tashar manyan motoci, wanda yake kawo irin waɗannan kaya daga Cotonou.

Abdu Karimu mutum ne mai daɗin baki, rabin maganarsa Hausa rabi Faransanci. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya tafa hannu. "Papa, yau ka shigo zamani!" Ya ɗauko wata 'yar ƙarama kamar kwalin sabulu ya ɗora mini a tafi. "C'est le dernier modèle. Ba madubi, ba nauyi. Tana gane idon mutum ta bi shi duk inda ya juya. Har idon tsuntsu tana ganewa."

Na ce, "Wa ya gaya maka tsuntsaye na kirana biki?"

Na riƙe ta yadda zan riƙe ta wuni guda. Ƙaramin yatsana ya rasa wurin zama, yana lilo a iska. Na mayar masa. Ku ji wannan da kyau: kyamarar da ba ta zauna a hannunka a shago ba, ba za ta zauna ba a tsakiyar kasuwar shanu, ana ture ka ta hagu ana ture ka ta dama. Ya kawo wata mai ɗan kauri, ta cika mini hannu. Ya fara karanto mini miliyoyin ɗigon da ke cikin hotonta. Na ce ya ajiye miliyoyinsa, ya kashe fitilar shago ya ja ƙofa. Zauren Alhaji na sani tun ina yaro, haskensa daga ƙofa kaɗai yake shiga. A cikin duhun shagon na sa ido a ramin leƙawa, sai ga fuskar Abdu Karimu tas, kamar an kunna masa fitila. Abin da marar madubi ta fi tsohuwata ke nan: hoton da kake gani kafin ka latsa shi ne zai fito, in ya yi duhu ka gani, in ya yi haske ka gani. Ga mai ido irin nawa, da ya fara neman tabarau kafin ya karanta allo, wannan rahama ce. Mai babban faranti a ciki, wato wurin da haske ke sauka, ita ta fi jure duhu, ita na ware.

Sai na ce ya kunna bidiyo ya ajiye ta a kan tebur, mu sha shayi. Ya ce don me? Na ce tsoho zai ba da labari, kuma tsoho ba ya gajarta labari don na'ura ta gaji. Ya sa biyu a jere. Kafin mu kai ga kofi na biyu, ɗaya ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu, ta rubuta wani abu a fuskarta ta mutu. Abdu Karimu ya ce, "Ah, c'est la chaleur." Na ce ai a cikin chaleur ɗin, wato zafin nan, muke zaune, ba inda za mu. Wadda ta rayu na duba sauran halinta. Tana da abin da ke danne rawar hannu, ni kuma hannuna ya fara 'yar rawa. Tana da ramin sa makirfo, don muryar tsoho ba ta kai wa nesa. Tana cin batir kamar doki da dawa, saboda ramin leƙawar ma ɗan talabijin ne, don haka na haɗa da batura na ajiya, ba na dogara da wutar lantarki a garin da ba nawa ba. Tana kuma ɗaukar kati biyu, duk abin da ta rubuta a ɗaya ta rubuta a ɗayan, in ɗaya ya lalace aikin mutane bai tafi ba.

Saura ido, gilashin gaban kyamara, wanda Abdu Karimu ke kira objektif. Nan ne kuke tuntuɓe, ku zuba duk ƙarfinku a jikin kyamara ku bar ido a kan wanda aka ba ku kyauta. Ido kamar fiƙar alƙalami yake. Wanda ka fiƙe don manyan baƙaƙen allo ba zai yi maka wasali ba. Na koyi haka ne a wajen wani bijimi a Pélébina. Dillalin ya riga ya sa an ɗauke shi da waya, daga kusa, ta gaba. Idon waya mai faɗi ne, sai kan bijimin ya fito kamar tulu, ƙugunsa kamar na akuya, mai saye a Cotonou ya ce ba ya son maras lafiya. Da na zo, dillalin ya ja ni gefe ya ce ya ji akwai dogon ido da in an durƙusa daga nesa yake mai da sa giwa. Na ce akwai, amma ranar da motar ta sauke shi a Cotonou giwar ba za ta sauka tare da shi ba. Na sa matsakaicin ido, mai gani kamar yadda idon mutum ke gani, na tsaya a gefe daidai haƙarƙari, tozo da cinya duk suka fito yadda Allah Ya yi su. Irin wannan idon na nema a shagon Abdu Karimu, wanda ba ya zuƙowa ba ya turawa, amma bakinsa na buɗewa sosai ya sha haske. Ya so ya haɗa ni da wani mai tsawon tabarya. Na ce zauren Alhaji ba filin ƙwallo ba ne.

Ina shirin fita ya ce, "Papa, ka manta babban abin. Latsa." Na latsa, ban ji komai ba. Ya nuna mini hoton ya fito. "Silence total! Ko a masallaci ka ɗauka ba wanda zai waiwayo." Na ce a masallaci salla nake yi. Ya bar ta a haka, ni kuma na kai ta gida na yanka 'yan takardu na manna kusa da maɓallan, na rubuta aikin kowane da ajami, don Faransancin cikinta ƙanana ne kamar ƙwan kwarkwata.

Ranar Juma'a muka kama hanyar Djougou a motar haya, ni da Hajiya. Da na gaya mata kyamarar ba ta ƙara, sai ta ce, "Alhamdu lillahi! Kada ka taɓa, bar ta haka. Baba in ya san ana ɗaukarsa sandarewa zai yi kamar soja."

Bayan an sauko daga masallaci muka same shi a zaure a kan buzunsa, cikin farar riga da rawani, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya shafa kaina ya ce, "Ɗan Idi, an ce kai ma furfura? To mu kuma mu ce me?" Na roƙe shi ya ɗan juyo wajen ƙofa, na kafa kyamara a kan ƙafafunta, na maƙala masa makirfo a wuyan riga. Ina gwada haske ina latsawa, su kuma suna ta hira. Ya ce wa Hajiya ya ji tabarma ta yi ƙara da ta zauna, ko atamfar ce take ci in ba a saya ba? Ta ce ai gadon gida ne, an ce kakarsa sai da jaki biyu ake kai ta Salaga. Ya tuntsire da dariya har rawaninsa na rawa. Idon kyamara na kan idonsa, yatsana na kan maɓalli. Na samu, ba ɗaya ba.

Can ya gyara zama, ya ja rigarsa, ya ɗaga haɓa, ya haɗe fuska, ya ɗauke numfashi. Ya ce ta tsakanin haƙora, "To, bismilla. Ɗauka."

Hajiya ta riga ta leƙo bayan kyamara ta gani. Murna ta hana ta riƙe bakinta. "Baba, ai an gama! Wallahi ka ga yadda ka fito, kana dariya kamar ranar sunan jikanka Bashiru!"

Ya sauke numfashin a hankali. "An gama me?"

"Hoton, Baba."

"Ban ji komai ba."

Na ce, "Baba, wannan ba ta ƙara."

Ku ba za ku gane nauyin wannan ba, don kun tashi ana ɗaukarku kuna barci ana ɗaukarku kuna cin tuwo. A wurin iyayenmu hoto abu ne da mutum ke bayarwa. Ya shirya, ya ce ɗauka, ya ji ƙarar, ya san ya bayar kuma an karɓa. Balle wanda ido ya tafi, kunne kaɗai ya rage masa ya san abin da ake yi da shi.

Ya ce, "Ɗan Idi, wanda ya shigo gidan mutum ba sallama, ya ɗauki abu, ya fita ba sallama, me ake kiransa a Parakou?"

Na ce, "Sunansa ɗaya ne da na Djougou, Baba."

"To goge."

Hajiya ta matso kusa da kunnena ta yi raɗa da Faransanci, "La deuxième carte. Goge ɗaya ka bar ɗaya."

Alhaji ya ce, "Maimuna, na sayar wa masu Faransanci goro tun uwarki ba ta san za ta haife ki ba. Kati na biyu kuma na mene ne?"

Na gaya masa gaskiyar yadda take rubutawa a wuri biyu. Ya ce, "Ashe ɓarauniyar har da aljihu biyu." Na goge na farko, na goge na biyu, ina faɗa masa da baki duk wanda na goge. Hajiya ta koma ta zauna. Shi kuma ya fara laluben takalmansa da ƙafa, ya miƙa hannu wajen sandarsa. In ya kai ga sandar nan, zama ya ƙare.

Na ce, "Baba, tana da murya. Rufe mata baki aka yi a shago."

Hannunsa ya tsaya. "Buɗe in ji."

Na bi 'yan takarduna na ajami har na kai inda ake mayar da labulen ciki, wanda ke buɗewa ya rufe da ƙara. Na juya ta wajen bango na latsa. Ta ce cak.

Ya karkata kunne. "Sake."

Cak.

"Wannan ce muryar? Ta Garba maigidanka in ta yi kuka har awakin waje sai sun watse. Wannan ai ɓera ne ya taka faranti." Ya saki sandar. "Amma dai ta yi magana. Ga yadda za a yi. Ka yi sallama, in amsa, sannan ka latsa. In ban amsa ba, ba ka shigo ba."

Haka muka yi. Salamu alaikum, wa alaikumus salam, cak. Kowane hoto ya fito haɓa sama, fuska a ɗaure, kamar zai yanke wa wani hukunci. Da muka zo kan bidiyo na ce masa wannan kam ba ta da ƙara ko an buɗe bakin. Ya ce to ni in zama bakinta, in zan fara in yi bismilla da ƙarfi, in zan tsaya in yi hamdala. Na yi bismilla. Ya fara daga kakansa, yadda ayari ke tasowa daga ƙasar Hausa da jakuna da kanwa da baƙin zane, a yada zango a Djougou, a wuce Gwanja, a juyo da goro a lulluɓe cikin ganye ana yayyafa masa ruwa a hanya kamar jinjiri. Ya faɗi yadda kakan ya ga wata yarinya a bakin rijiya a nan garin, ya ce wa madugu jakinsa ya yi ciwon ƙafa, su tafi zai biyo su, har yau bai bi su ba. Na sauya batir yana jira, da hamdala da sabuwar bismilla. Kyamarar ba ta mutu ba. Bai tsaya ba sai da ladan ya kira la'asar.

Murya ta samu. Abin da Hajiya ta fi so kuwa na goge shi da hannuna. Ta ce, "Baba, ɗaya na ƙarshe."

Ya ce, "Na ƙarshe," ya sake ɗaga haɓa ya haɗe fuska.

Ta dube shi ta ce, "Yauwa, haka ya fi. Rufe bakin da kyau, Baba, kada jajayen haƙoran nan su fito, yaran Cotonou su ce kakansu ya ci ɗanyen nama."

Ya ce, "Ke! Haƙoran nan goro ne ya rina su, goron nan kuma shi ya yi miki wannan ƙibar!" Dariya ta ƙwace masa, ya yi baya har sai da ya dafa buzu. Yatsana na kan maɓalli, ban latsa ba.

Na ɗaga murya na ce, "Salamu alaikum, Baba!"

Yana dariyar ya ce, "Wa alaikumus salam! Ɗauka mana, ɗan Idi, ɗauka kafin ta ƙare!"

Cak.

Na juya wa Hajiya bayan kyamara. Ga shi nan baki buɗe, haƙora ja wur, ido a runtse, hasken ƙofa a gefen fuskarsa. Ta daɗe tana kallo. Ta sa bakin mayafi ta share ido, ta ja hanci, ta ce, "Yaya, rawanin ya karkace."

Alhaji ya ce, "Bar shi haka. Na riga na bayar."

Bai ga damina ta gaba ba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya jiƙan namu iyayen baki ɗaya.